Ranar da Bappa Ya Cika Otal da Dangi

Bappa, ƙanen mahaifina, ya gina otal ɗinsa a unguwar Bekaji ta Jimeta ne da kuɗin sallamarsa daga aikin gwamnati. Shi ke ce masa otal. Mu dai ɗakuna muke gani a jere, da bishiyar mangwaro a tsakar gida, da janareta mai tari. Kullum da safe yakan taso daga unguwarmu, Wuro Hausa ta Yola, cikin babbar riga, ya zauna a gindin mangwaron nan yana amsa gaisuwa, wai yana duba aiki.

A shekarun da rikici ya yi tsanani a arewacin jihar, wurin bai taɓa zama babu kowa ba. Ma'aikatan agaji da fararen motocinsu, 'yan jarida, da masu ɗan hali da suka gudo daga Mubi, duk a nan suke sauka. A lokacin ne wata mata da muke kira Mama ta zo. 'Yar Michika ce, Kirista, ta iso Jimeta da zani ɗaya da jikoki biyu, an ƙone gidanta, mijinta kuma bai fito ba. Wanki ta zo nema. Ranar da mai dafa abinci bai zo ba ta ɗora tukunya, daga ranar kicin ya zama nata. Farfesun kifinta ya sa wani Bature ya ɗage tafiyarsa, da idona na gani.

Sai ga korona. Aka rufe filin jirgi, aka hana shiga da fita tsakanin jihohi, aka rufe makarantu. Ni malamar firamare ce, zaman gida ya ishe ni, sai na koma otal ina zama a teburin karɓar baƙi, ina karɓar ƙadangaru. Bappa ya sallami mai gadi da masu shara da haƙuri da addu'a. Mama kaɗai ta rage, domin ita ba ta da inda za ta koma. Duk mun san cewa idan abin ya ƙara ja, ita ma ba za a iya riƙe ta ba, amma ba mai faɗa.

Ana haka muka ji gwamnati za ta tallafa wa masu otal don su riƙe ma'aikatansu. Wani kwamiti zai zagaya ya ga waɗanda abin ya fi taɓawa. Na yi murna har na rungume Mama a kicin. Idan dai wahala ake nema, ai mu ne gidanta.

Matsalar ɗaya ce, na san Bappa. Bafulatanin Yola ne na gidi. Mutum ne da ko yunwa za ta kashe shi, idan ka kawo masa abinci sai ya ce yanzu ya tashi daga kan akushi. Don haka na zaunar da shi na yi masa darasi kamar ɗan aji uku.

"Bappa, idan sun tambaye ka yaya kasuwa, me za ka ce?"

"Sai godiya."

"A'a. Ka ce babu kasuwa. Ka ce muna cikin wani hali."

Ya gyara hula, ya dubi sama. "Muna cikin... wani hali."

"Yauwa. Ka ƙara da cewa ko albashi ba ka iya biya."

"Wannan kuma ke za ki faɗa, ɓingel am," in ji shi. Haka yake kirana, wato 'yata. Na yarda, na tafi gida da kwanciyar hankali.

Ranar da kwamitin zai zo na sauka daga keke, na tsaya ina duba ko layin na ɓata. An yi wa katanga farar ƙasa. Motoci huɗu a tsakar gida, na gane ta limamin unguwarmu a ciki. Janareta na ruri, duk na'urorin sanyaya ɗaki a kunne, ƙamshin turaren wuta har bakin titi. A bayan kicin ana feɗe rago.

Na leƙa ɗaki na farko, sai ga Goggo a kan gado da carbi, tana kallon talabijin. Na biyu, 'ya'yan Kawu ne suna tsalle a katifa. Na uku, wani tsoho da rabona da shi tun bikin yayata. Bappa ya kwaso rabin Wuro Hausa ya zuba a ɗakuna, kowa da takunkumi a haɓa.

Na same shi a gindin mangwaro. Raina ya ɓaci sosai.

"Bappa, mene ne wannan?"

"Baƙi za mu yi."

"Sun zo ganin babu ne, Bappa. Babu suka zo gani."

"To sai su shigo gidana su tarar da shi kamar kufai? Su koma su ce ɗan wane ya tsiyace? Su zauna, su ci, su sha. In ya so sai a yi maganar a hankali."

Da me aka sayi ragon da man janareta, ban tambaya ba. Daga baya na lura agogonsa ba ya hannunsa.

Su biyu suka zo, wata mata mai tabarau da wani mutum mai ɗan tumbi, mutanen kirki ƙwarai. Sun fito ne daga otal ɗin maƙwabcinmu, wanda na ji labari ya kwance ƙwayayen fitila, ya sa tsohuwar singileti, ya tare su tun daga ƙofa yana cewa, "Oga, market don die, wallahi ko ruwan ba ku ba ni da shi." Daga can suka shigo cikin sanyin nan da ƙamshi, aka ajiye musu gasasshen nama da farfesu. Mai tumbin ya sauke takunkumi bai sake mayarwa ba.

Matar ce ta fara. "Alhaji, yaya kasuwa?"

Na kafa wa Bappa ido. Na ga leɓensa ya motsa, na ga ya ɗauko darasin har bakinsa.

"Alhamdulillahi. Sai godiya."

"Dokar hana tafiya ba ta taɓa ku ba?"

"To, an taɓa kowa. Namu da sauƙi."

"Na ga ɗakuna a cike. Ina kuke samun baƙi hanya a rufe?"

"Allah ne mai kawowa."

Na buɗe baki zan yi nawa ɓangaren, sai ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya. Duk wadda ta tashi a gidanmu ta san ba a ƙaryata babba a gaban baƙo. Na ce bari in ƙaro ruwa.

Da Mama ta zo kwashe kwanuka, matar ta tambaye ta ko ana biyan ta albashi. Mama ta dubi Bappa, Bappa ya dubi tabarma.

"Baba yana riƙe mu da kyau," in ji Mama. "Ba mu da complain."

Suka tashi suna sa albarka. Matar har ta ce da ma kowa haka yake, da aikinsu ya yi sauƙi. Bappa ya raka su mota, ya sa aka saka musu cinyar rago a but. Maganar da za a yi a hankali ba a yi ta ba. Goggo kuwa ta ƙi fita daga ɗakin sai da man janareta ya ƙare.

Maƙwabcinmu ya samu tallafi, ya mayar da ƙwayayen fitilarsa. Mu ba mu samu ba, kuma ban ga laifin kwamitin ba. Abin da aka nuna musu suka gani.

Bayan nan Bappa ya rage zama a gindin mangwaro. Yakan je har ƙofar kicin, ya tsaya, ya tambayi Mama lafiyar yara, ya juya. Na san abin da ya je faɗa, ita ma ta sani. Da aka buɗe hanyoyi, baƙi ba su dawo da wuri ba. Wata safiya Mama ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ina so na koma gida. An ce Michika ya yi lafiya yanzu. 'Yar'uwana ya kira ni, ya ce akwai ɗaki."

Bappa ya ce, "To, Mama. Gida ai gida ne. Allah ya kiyaye hanya."

Ni na raka ta bakin titi da buhunta da jikokin. Na tare keke na ce wa mai shi ya kai su tasha. Mama ta dafa hannuna ta ce wa mai keken, "Vinikilang." Nan ƙetaren gada ne kawai. Wata 'yar cocinsu ta samo mata aikin noma a gonar wani, da rumfar kwana. Babu wata 'yar'uwa, babu ɗaki.

"Kar ki gaya wa Baba," in ji ta. "Zai ji kunya."

Na tsaya a wurin na yi kuka, ba na ɓoyewa. Kuma ban gaya masa ba.

Da Kirsimeti ta matso, Bappa ya kira ni Wuro Hausa. Ya turo min turmin atamfa da zakara ɗaure da ƙafa.

"Ki kai wa Mama."

"Bappa, Michika fa da nisa."

Bai dube ni ba, yana ta gyara bakin tabarma.

"Ki hau keke," ya ce. "Ki dawo kafin la'asar."