Furar da na ba Yaya Hamisu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar wana Hamisu, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa wa matarsa Rabi ba. Ni da duk Matameye ta san ko a makabarta sai an roƙe ni in yi shiru, wannan kam na riƙe ta.

Hanjinsa ne ya murɗe ranar kasuwa. Aka kai shi asibiti a Damagaram, aka yi masa aiki lafiya. Majo, babban ma'aikacin ɗakin, ya ce ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakinsa sai cikin ya motsa, ya saki iska. Na yi dariya har da dafa bango. Na ce ga dangi tun daga Dungu har Yauri sun bar gonaki suna jiran tusar mutum ɗaya.

Kwana biyu cikin bai motsa ba. Masu dubiya ba sa zuwa hannu rabbana, kwanuka suka cika ƙarƙashin gado kamar gidan suna. Leɓɓan Yaya duk sun tsage. Da Rabi ta fita alwala, ya kamo rigata.

"Sale, ni na goya ka. Kurɓin fura ɗaya zai gagare ni a hannunka?"

"Yaya, Majo ya hana."

"Majo ne ya haife ka?"

A gidanmu ba a hana marar lafiya abin da ya roƙa, balle babban wa. Na ba shi, har rabin kwano. Kafin la'asar cikin ya kumbura kamar ganga. Likita ya tambaya ko ya ci wani abu. Rabi ta rantse bai ci ba, ni kuwa na dubi ƙasa. Bai kai Juma'a ba.

Wa'adi na Allah ne, na sani. Abin da ban sani ba, da na buɗe baki a lokacin, ko da sun yi wata dabara.

Da Yaya zai leƙo yau, zai tarar in an kwantar da wani, dangi na aiko saƙon murya ta waya: a ba shi zuma, a ba shi jiƙo. Zai tarar ƙanensa ya zama jandarman kwanuka, duk wanda aka yi wa aiki ina bakin ƙofarsa ina buɗe murfi. Cewa zai yi na tsufa da rowa.

Ya bar 'ya'ya huɗu masu irin dariyarsa. Ya bar Rabi, wadda har yau take gaya musu babu wanda ya yi jinyar ubansu kamar Baba Sale. Allah ya jiƙanka, Yaya. Jaridar da za ta buga wannan rubutu nawa ba za ta riga ni isa ƙofar Rabi ba.