Abin da na gani ranar wankan maƙwabciyata

A wancan lokacin ina sayar da atamfa a unguwar Tunga, ina zaune a unguwar Kpakungu, kuma ina cikin matan da ake kira idan mace ta rasu a unguwa, don na koyi wankan gawa a hannun gwaggona. Ina da taurin kai, wannan kam ba na musu. Na daɗe ina jin wani ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a mamana na hagu, amma tunda ba ya ciwo sai na share shi. Ko maigidana ban gaya wa ba. Tsorona ɗaya ne, kada in je asibiti a ce za a yanke.

Ana nan sai Allah ya yi wa wata maƙwabciyata rasuwa, mace mai fara'a, wadda muke shiga keke napep tare zuwa kasuwa. Duk mun ga ta rame, amma kullum cewa take taifot ne. Da muka zo wanka na kwance zanen da ta ɗaure ƙirjinta da shi. Ba zan bayyana abin da na gani ba, amana ce tsakanin mai wanka da mamaciya. Ƙanwarta da ke zuba mini ruwa ta gaya mini cikin kuka cewa da ɗan ƙullutu abin ya fara, kuma marigayiyar ta hana a faɗa wa kowa saboda kunya. Wallahi da ƙyar na ƙarasa wankan nan.

Bayan an yi jana'iza na faɗa wa maigida maganar ƙullutun da ke mamana. Ransa ya ɓaci da ɓoyon da na yi, amma shi ya raka ni asibiti. Gwaji ya nuna sankarar mama ce. Likitar ta ce da na zo tun farko, wataƙila da ƙullutun kawai za a cire. An yanke maman, na sha wahalar magani, gashina ya zube. Na yi kuka, na yi da-na-sani, amma alhamdu lillahi ga ni a raye, har na koma shago.

Abin da na koya shi ne rashin ciwo ba lafiya ba ne, kunya kuma ba ta warkar da kowa. 'Yan'uwana mata, ku riƙa shafa mamanku kuna dubawa, har ƙarƙashin hammata. In kun ji wani abu, ku nuna wa likita da wuri. Don Allah kada ya zama mai wanka ce za ta fara gani.