Baba Ba-Tashi da Rijiyarsa

Sunan da 'yan unguwa suka laƙaba wa mahaifina ke nan, Ba-Tashi, kuma wallahi ya ci sunan. Manomin lemo ne, gajere, mai taurin kan tsiya. Gidanmu ne na ƙarshe a bakin gari, da rijiya a tsakar gida wadda kakana ya haƙa da hannunsa. Da ita muke sha, da ita ake ba lemo ruwa.

Da kamfanin haƙar mai ya zo, maƙwabta suka sayar suka watse ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai ɓata masa ruwa. Ya je wurin wani lauya, ya dawo bakinsa har kunne. Wai doka ta hana a kafa injin haƙa kusa da gidan da mutum yake kwana a ciki. Amma ranar da jami'in hukuma ya zo ya tarar ba kowa, gida ya zama kango, shi ke nan an ba kamfani hanya.

Tun daga ranar Baba ya daina kwana ko'ina sai gida. Kullum akwai riga a kan igiya, ko da wankakkiya ce ya sake jiƙawa. Kullum hayaƙi na tashi a murhu. Inna takan ce, “Malam, kai da doka dai, ban san wa ya ɗaure wani ba.” Ya yi dariya ya ce ta bar shi da su.

Sai ciwon ƙoda ya kama Inna. Na ɗauko ta zuwa gidana a birni, kusa da asibiti. Baba yakan zo da hantsi da lemo a leda, ya zauna a bakin gado yana ɓare mata, la'asar na yi ya fara laluben takalmi.

Na ce, “Haba Baba, kwana ɗaya tak!”

Ya ce, “Ke ba ki san mutanen nan ba. Ranar da na kwana, ranar za su zo.”

Na ji haushinsa, har yau ban gama hucewa ba. Inna kuwa ba ta taɓa cewa ya zauna ba, sai dai in an taɓa ƙofa ta ɗago kai. Ta rasu da yamma, lokacin yana cikin mota a hanyar komawa gida.

Bayan shekara ina gidan Baba, jami'in da ake ta jira ya iso. Ba ƙirgar masu kwana ya zo yi ba, ruwan rijiya ya zo aunawa. Baba ya tare shi da gadara, ya ce ya gaya wa kamfani yana nan daram.

Mutumin ya dube shi da mamaki. “Baba, ai sun daɗe da gamawa. Can bayan tudu suka kafa injin, suka karkato da bututun ta can ƙarƙashin ƙasa. Yanzu haka ta ƙarƙashin gidan nan ya wuce. Doka inda injin ya tsaya ta hana, ba ta yi maganar inda bututu ya bi ba.”

Baba ya ce, “Tun yaushe?”

“Tun daminar bara waccan.”

Inna ba ta ma fara ciwo ba a lokacin.

Jami'in ya ɗebi ruwa a kwalba, ya ce garau yake, ya yi sallama ya tafi. Baba ya daɗe zaune a bakin rijiya, guga a hannu. Can ya tashi ya sauke rigar da ke kan igiya, ya ninke ta. Bai dube ni ba ya ce, “Uwata, Innarki ta riƙa tambayata?”

Na so in ce masa a'a. Bakina ya ƙi.