Murfin Taya a Turmin Inna

Shekarar da na dawo Filinge daga Kumasi, Faransawa na nan tukuna, na sayi tsohon kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, wanda murfin tayarsa ta gaba, ƙarfen nan mai tare laka, ya ruɓe. Zandarma mai tsaron hanya ya ce ba zan hau hanyar Baleyara da shi haka ba, ga hatsin mutane na jiran kasuwa. Sabon murfi ko a Yamai babu.

Na kai wa maƙerin unguwarmu tsofaffin tano biyu, wato gangunan fetur, muka tsaga su. Shi gwanin hauya ne, komai sai ya sa a wuta. Na ce, "Baba, a Kumasi da sanyi, ba wuta, na ga ana bugun irin wannan."

Ya ce, "To, kai shi Kumasi mana."

Ya zuga, ƙarfen ya yi ja, ya murɗe kamar busasshiyar fata. Saura tano ɗaya.

Na ɗauko turmin inna, na shimfiɗa ƙarfen a bakinsa, na kama bugu kaɗan-kaɗan, ina juyawa, ina gwadawa a jikin motar, har hannuwana suka kumbura. Baba maƙeri yana ta tsaki. Da ya ga ƙarfen ya fara yin ciki sai ya ce, "Kauce, yaro, hannunka bai da awo." Shi ya ƙarasa lanƙwasar.

Muka ɗaura wa motar. Zandarma ya ƙwanƙwasa murfin, ya ɗaga mana hannu, hatsi ya isa Baleyara. Turmin dai ya tsage, kuma inna ba ta bar zancen ba har ta rasu.