Bako Mai Hana Surutu

Duk shekara idan aka haƙe citta a ƙauyenmu na wajen Kagoma, aikin tsaga ta kan dawo tsakar gidan Kaka. Rana na faɗuwa za ta hura wuta, ta tura doya cikin toka, mu jikoki mu zagaye tulin citta, kowa da 'yar wuƙarsa. Hannu ya yi ta raɗaɗi, amma ba mai tashi, don Kaka ba ta fara tatsuniya sai ta ga wuƙaƙe na aiki. Hausarta ta kasuwa ce da ta coci, in labari ya yi daɗi kuwa sai ta zarce da yarenmu ba ta sani ba.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Bako. Wai a can da, kafin ruwan farko, Allah kan yi wa mutanen wani gari magana daga kan dutse, ya gaya musu inda za su yi shuka. Muryar a hankali take zuwa, shi ya sa aka naɗa Bako ya riƙa hana surutu. Bako kuwa ya ɗauki aikin da zafi. Ya kori karnuka, ya ɗaure bakin awaki, ya bi masu goyo da harara. Wata shekara muryar ta ce rafi zai cika ya batse, kowa ya shuka accarsa a tudu. Duk gari suka ji ban da Bako, wanda ya bi wani zakara da gudu har bayan gari. Da ya dawo aka yi ta yaba masa, wai ba a taɓa jin muryar tangaran kamar bana ba. Kunya ta hana shi tambayar abin da aka ce. Ya je ya yi shukarsa a bakin rafi, ruwa ya kwashe komai.

Na ce, "Kaka, ai aikin Allah yake yi."

Ta ce, "Aikin Allah ne, yarona. To wa ya cire masa kunne? Tsaga citta, ka cika magana."

Muka yi ta yi wa Bako dariya, tawa ma ta fi ta kowa.

Yanzu a Kafanchan nake, kuma ni ke kula da kayan sauti a cocinmu. A baya nake zama, gaban na'ura. In an ce a yi addu'a kowa ya rufe ido, nawa na kan wayoyin na'urar. Kunnena na iya gane janareta zai shaƙe tun bai shaƙe ba, amma ka tambaye ni abin da fasto ya ce, sai dai in ce maka wa'azi ya yi kyau. Ana yabona, ni ma ina jin daɗin yabon.

Wata Lahadi a watan jiya lasifika ta kama gurnani. Na miƙa wa fasto wani makirufo, na durƙusa ƙarƙashin tebur ina lalube. Na ji jama'a sun ce amin, ni ma na ce amin. Ran Talata na haɗu da Mama Saratu, wata dattijuwar zumuntar matan cocinmu, ta riƙo kular abinci. Mijinta, Baba Yohanna, abokin wasana ne, don haka na ɗaga murya.

"Mama, ina tsohon nan naki? Ragwanci ya hana shi zuwa coci, ko?"

Ta yi ɗan murmushi, a gajiye.

"Kai da wasa, ɗana. Har yau ɓarin jikinsa da ya shanye bai motsa ba, asibitin ma zan je. Na gode da ran Lahadi. Da fasto ya ce a yi wa Baba addu'a, na waiga na ga ka durƙusa har ƙasa. Na ce wannan yaro ya fi kowa roƙa masa. Jiya na gaya wa Baba, hawaye ya zubo masa."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nitse. Ban iya gaya mata gaskiya ba. Na karɓi kular na raka ta asibiti.

Da ina yaro na ɗauka Bako wawa ne. Ashe mutum ne mai ƙwazo wanda ya shagala, kullum yana gindin dutsen, bai taɓa tsayawa ya saurara ba. A bakin gadon Baba Yohanna, Mama ta ce tunda ga ni, in yi musu addu'a irin ta ran nan. Na durƙusa, na rufe ido, na rasa ta inda zan fara yi wa Allah magana.