Namijin Dabinon da Na Sare

Mijin yayata ya dasa dabino biyar a filinsa da ke bayan Samaru. Da ya rasu, Yaya ta koma wurin ɗanta a Muciya, ta bar mini kula da su. Ta ce, "Auta, da hannunsa ya dasa su. Ka riƙe mini amana."

Huɗu suna haihuwa. Na biyar sai dai ya yi farin fure mai gari, furen ya bushe. Haushinsa nake ji, ina ganin taki kawai yake ci a banza. Wata shekara ina neman itacen rumfar awaki, na sa gatari na kayar da shi. Ban tambayi kowa ba.

Da lokaci ya yi, huɗun nan suka fitar da 'ya'ya sirara, babu ƙwallo a ciki, suna zubewa tun ba su nuna ba. Na tuna mahaifiyarmu tana cewa ba a sare babban itace sai an yi wa mazauna cikinsa sallama. Na daina bi ta gefen kututturen. Ko ganye ya motsa sai in waiwaya.

Yaya ta aiko tana tambayar dabinonta. Tsoronta ya fi na aljanun. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi dabino mudu biyu, na kai mata a matsayin nata. Ta ci ɗaya, ta daɗe tana taunawa.

Shekara ta zagayo, haka aka sake yi. Ina da maƙwabci mutumin Kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin gona. Ya dawo daga coci ya tarar da ni ina tsintar 'ya'yan da suka zube. Na gaya masa ina zargin aljanun itacen da na sare. Ya dubi kututturen ya riƙe baki.

Ya ce, "Malam, kai ka mayar da mata huɗu zawarawa? Wannan ai shi ne namijin! Garin furensa iska ke kai musu. Aljanu sun fi ka hankali, ba ruwansu."

Ya ce ana iya samo furen namiji a wajen Shika a ɗaura a cikin na matan, amma sabon dashe sai an jira shekaru. Yaya kuwa ta tsufa. Na ji tsoron ɗayanmu ya mutu da ƙaryar nan a tsakaninmu.

Na je Muciya na durƙusa, na faɗa mata duka.

Ta ce, "Shekara nawa ina cin dabinon mijina, ka ɗauka ban san ɗanɗanonsa ba? Jira nake in ga yaushe za ka faɗa. Saran na yafe, Auta. Filin kuma, ɗana zai karɓa."

Har yanzu ni ke zuwa Shika nemo furen duk shekara, ba wanda ya sa ni. Amma har ta rasu, ba ta ƙara ba ni ajiyar komai ba.