Ta'aziyyar da Ba Wanda Ya Rasu

Shekarun baya, a sanyina na biyu a Greensboro, wani abu ya same ni da ban san sunansa ba. Ba ciwo ba ne da zan nuna wa likita in ce ga wurin. Tun da Disamba ta kama na zama kamar tsohuwar waya, a kwana ana caji, da safe ta nuna ja. Ina aiki a wani babban sito kusa da titin Wendover. In fita da duhu, in wuni ƙarƙashin fitila ina ɗaure kwalaye, in taso in tarar duhun ya riga ni fitowa. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya. Ni da hita mai ɗumama ɗaki muke zaman gidan, ita ma ba ta hira sai gurnani.

Na daina girki, ni da nake tuƙa tuwo don bakina kaɗai. Na daina zuwa suna da walima. Amma duk wanda ya kira ya ce yaya sanyi, sai in ce lokacinsa ne, har da 'yar dariyata. Tsorona ɗaya ne, kada a ce na yi wa Allah butulci. Mace tana Amurka, ga aiki, ga wuta ba ta ɗaukewa, sannan ta buɗe baki ta ce ranta ba daɗi? Ko mahaifiyata da ke can gida ban gaya wa ba, don tana fama da hawan jini kuma kowa a garin nan ya san da haka.

Wata rana a lokacin cin abinci, wata Baturiya da muke aiki tare ta ce min Litinin mai zuwa, ta uku a Janairu, ita ake kira ranar da ta fi kowace baƙin ciki a shekara. Daga baya na ji cewa zance ne kawai na masu talla. Amma a lokacin har daɗi na ji. Ashe abin da ke damuna yana da ranarsa guda.

Litinin ɗin ta faɗo ranar hutu, yawancin mutane suna gida. Bayan na idar da sallar asuba na ɗauki waya, na zaɓi baƙin bango, na rubuta a sitatus: "Yau ranar baƙin ciki ce. Allah Ya ba mu haƙuri." A ganina rabin wasa na yi. Na kashe wayar, na koma cikin bargo.

Wajen hantsi na ji ana buga ƙofa a hankali. Ina buɗewa na ga Hajiyar Summerfield, wadda ita ce uwar duk wata baƙuwa a garin nan. Bayanta mata ne sun yi layi har matattakala, kowa da zurmemen hijabi, ba mai fara'a. Har da Anti, wata nas 'yar Jos da ba ta fashin coci, ta rungumo kula kamar jariri. Mazan kuma suna ƙasa wajen motoci, suna jira a ce su hau.

Hajiya ta kama hannuna biyu ta ce, "Ya haƙuri, 'yar nan?"

Bakina ya amsa da kansa, "Da godiya." Haka aka raine mu, ana gaishe ka ka amsa, tambaya sai daga baya.

Ta ce, "Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa ta huta."

Ai na san yadda muke yi. Ba a faɗa wa mutum rasuwar uwa a waya, manya ake turowa, ga shi kuwa tawa wayar a kashe take. Na zauna daɓas a bakin ƙofa na fashe da kuka, kuma duk kukan da na ɓoye tun Disamba ya samu hanya ya biyo. Su kuma ganin haka suka ƙara tabbatarwa. Aka shigar da ni falo, aka shimfiɗa darduma, wata ta fara jan carbi, wata tana share hawaye alhali ko hoton mahaifiyata ba ta taɓa gani ba.

Anti ce ta dafa ni ta tambaya yaushe abin ya faru. Na ce ni zan tambaye su. Hajiya ta ce, "Ba ke kika sa a sitatus ba? Na yi ta kira layinki a rufe, na ce shi ke nan, jinin nan ya yi halinsa."

Na kunna wayar na kira gida ta bidiyo. Sai ga mahaifiyata a tsakar gida bayan la'asar, faranti a cinya tana tsinkar zogale. Ta matso da fuskarta ta ce lafiya nake kiranta da kumburarrun idanu, kuma su wane ne waɗannan a bayana kamar gidan makoki. Hajiya ta karɓi wayar. Ta gaishe ta sau uku kafin ta iya cewa sun zo ta'aziyyarta ne. Mahaifiyata ta ce ta gode ƙwarai da zumunci, amma a ɗan ƙara mata lokaci.

Aka yi dariya, har da masu hawaye. Sannan aka juyo kaina, to wa ya rasu?

Wallahi na so in ari wani kawuna da ya daɗe a ƙasa in sake kashe shi, a yi addu'a a watse. Amma mahaifiyata tana kan layi, kuma na riga na yi kukan a gaban kowa. Na sunkuyar da kai na ce, "Ba wanda ya rasu. Ni ce ba ni da daɗi. Tun da sanyin nan ya shigo ban ƙara jin daɗin komai ba, kuma ina jin kunyar faɗa." Na jira a fara min wa'azin godiya.

Hajiya ta tuɓe hijabinta ta ninke, ta gyara zama. Ta ce shekarunta na farko a nan, takan faka mota a gaban kanti ta sha kukanta, ta koma gida ta ce wa Alhaji mura ce. Wata ta ce ita har jakarta ta taɓa haɗawa. Anti ta tashi ta yaye min labule duka. Sannan ta ce, "Wannan abin yana da suna, kuma yana da tiritimen, ana maganinsa. Rashin rana ne ke ja wa mutane da yawa. Gobe za ki yi buking na ganin dokta, ni zan kai ki." Ta kuma kai ni ɗin, kuma ya taimaka.

Daga cikin waya mahaifiyata ta kira sunana. Ta ce, "Da kin gaya min tun farko, ai da ba sai kin kashe ni ba."

Aka kira mazan suka hau da fuskar jimami, aka ba su labari, wani Malam ya yi dariya har ya ƙware. Aka buɗe kuloli, ga shinkafa da miya, ga kunun gyaɗa, ga waina. Ni da aka zo wa makoki na fi kowa ci. Da za su tafi Hajiya ta tsaya a ƙofa ta ce laifinsu ne, sun ga ɗif ɗina tun Disamba, amma sai da suka zaci mutuwa sannan suka tako.

Har yanzu Janairu tana min nauyi, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai duk shekara a wannan Litinin muna taruwa a gidan ɗayanmu, kowa da kularta, mahaifiyata kuma takan kira da safe ta sanar da cewa tana nan da ranta. Ni ma na sauya hali. In na ce wa baƙuwa yaya sanyi, ta ce lokacinsa ne da irin wannan 'yar dariyar, na gane ta, don tawa ce. Ba na jiran ganin baƙin sitatus. Ɗora tukunya nake yi, in je in buga mata ƙofa.